Bindigogi Biyu a Barandar Bature

Wata uku bayan injin fere fata ya cinye mini babban yatsa da manuni na hannun dama, manajan kamfaninmu na Challawa ya sa direbansa ya kai mu Bompai, ni da shi. Wani Bature injiniya ne zai koma ƙasarsu, yana sayar da bindigoginsa biyu na harbin barewa. Guda ɗaya manaja yake so, wai in zaɓa masa.

Manajan nan Kwara ne, Balaraben ƙasar waje, ga son farauta kamar me, amma wallahi ko garu aka tsayar masa sai ya kuskure. Ni kuwa a gidan maharba na tashi kafin neman abinci ya kawo ni Panshekara. Shekara huɗu, duk Lahadi, ni ke bin sawu, in ya harba ya jikkata dabba in karɓi bindigar in ƙarasa ta, in yanka da bisimilla don ma'aikata su ci. Tun da na ji rauni aka mayar da ni shara a farfajiya, kuma kowa ya san mai yatsu uku ba ya daɗewa a kamfani. Farautar nan ce kaɗai ta hana a sallame ni.

A lokacin ba na jin komai, ba baƙin ciki, ba fushi. Matata tana kuka in tana wanke mini hannun, ni kuwa ina kallo kamar hannun wani take wankewa.

Baturen ya shimfiɗa bindigogin a kan tebur, ga akwatunansa a ɗaure ko'ina. Dukansu masu sakata ne, wato ƙarfen nan na gefen dama da za ka ɗaga ka ja baya kwanso ya fita, ka tura sabon harsashi ya shiga. Ta farko ta sha hannu, katakonta har ya yi baƙi. Na bugi sakatarta da gefen tafina, ta tashi, ta zame baya sumul. Yatsana na tsakiya ya kai kunama. Wannan kam zan iya da ita.

Ta biyu kusan sabuwa ce, tana warin mai. Ita sai an kama sakatar da babban yatsa da manuni an murɗa da ƙarfi. Na taɓa ta a fakaice, hannuna ya zame, sai na yi kamar katakon nake dubawa.

Na ce wa Baturen ya cire sakatun, na ɗaga kowace bindiga na leƙa bututunta ta hasken rana. Sabuwar zanen cikinta ras. Tsohuwar kuwa ta cinye, ga tsatsa ɗigo-ɗigo. Irin wannan ba ta kisa nan take, sai dai ta fasa wa barewa ciki, ta je ta mutu mushe a cikin ƙaya bayan kwana biyu. Na taɓa bin irin wannan jinin, ba na son in sake.

Manaja ya ce, "To Malam, wacce?" Ko kusa bai san bambancinsu ba. Duk wadda na nuna ita zai ɗauka.

Kar in yi wa kaina yabon ƙarya, ban yi wani dogon tunani ba. Bakina ne kawai ya buɗe. Na ce, "Ranka ya daɗe, sabuwar. Waccan ta gama aiki."

Baturen ya mayar da sakata, manaja ya miƙo mini ya ce, "Ɗana ta mu gani." Na yi, na sake, na tokare ta da gwiwa, ina! Ta ƙi. Baturen ya juya yana kallon lambunsa. Manaja ya dubi hannuna, dubawa ta farko tun da aka kwance bandeji, ya karɓi bindigarsa. A hanyar komawa zancen tsadar gishirin jima ya yi ta yi da direba.

Ran Lahadi na wasa wuƙata, na sa takalman daji, na fito bakin titi inda suka saba ɗaukata. Da hantsi motar ta ɓullo. Na hango wani a kujerar baya, sabuwar bindigar a tsakanin gwiwoyinsa. Direba ya rage gudu saboda rami, ya ɗaga mini hannu, suka wuce. Na ci gaba da tsayuwa har aka kira azahar, ban san me nake jira ba.

Washegari maigadi ya tare ni a ƙofar kamfani da takarda, idonsa a ƙasa. Na karɓa da hagu.