Baƙo a Rumfar Tsofaffin Ƙarafa

Baƙon nan ya kasa tsayawa wuri ɗaya a gaban rumfar Filibus, mai sayar da tsofaffin ƙarafa a kasuwar Bunkure. Siriri ne, baƙin mai ya cika masa farce, ga ɓarɓashin ƙarfe a girarsa, irin na mai injin feƙe ƙarfe a gida. Yana ɗaukar guntun rodi, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya jefar, ya waiga bayansa.

Yana sunkuyawa sai wani abu ya faɗo daga aljihunsa: dunƙulen ƙarfe mai ramuka shida, ya sha guga har yana ƙyalli. Filibus ya san irinsa, a cikin ƙaramar bindiga yake zama yana juyawa. Me zai sa mutum ya haɗa bindiga? Ko injin ban ruwa aka sace masa? Ko wani ne ya ci masa iyakar gona?

"Malam, me ake haɗawa ne?"

"Ta korar tsuntsaye ce, sun ishe ni a shinkafa," in ji baƙon, yana cusa abin a aljihu.

Filibus ya dubi buhunan sabuwar shinkafa da ake ta saukewa daga mota. Ai ko'ina an gama girbi.