Hoton Sharaɗa Mai Giɓi a Gabas

Shekarun baya, kafin ƙananan jiragen nan marasa matuƙi su fara shawagi a gidajen biki, duk mai son hoton gari daga sama sai ya taka bene da ƙafarsa. Ni kuwa na taka da yawa. Na hau hasumiya a Alƙahira, na hau a Istanbul, na hau wani otal a Abidjan da har yau gwiwata ba ta yafe mini ba. Shi ya sa da abokina ya kira ni zuwa Sharaɗa, unguwar masana'antu, na ɗauka aikin ɗan lokaci ne.

Masaƙar mahaifinsa aka sayar, washegari da safe za a miƙa mukullai. Tsohon ya daina fita, ƙafa ta ƙi. A da, kullum safe da yamma sai ya hau rufin ginin ofis ya tsaya yana kallon gari. Abu ɗaya ya roƙa: a kawo masa abin da ake gani daga can, kowace kusurwa, a dogon hoto guda. Irin wannan hoton ana ɗaukarsa ne guntu-guntu, mutum yana juyawa a tsaye, daga baya a haɗa a kwamfuta. Hasken da ya fi masa kyau shi ne na bayan la'asar.

Na rataya jaka zan kama matakala, abokina ya ce sai an faɗa wa maƙwabta tukuna. Gidaje sun matso har jikin katangar gabas, daga sama kuma tsakar gidansu a buɗe take. A waɗancan garuruwan tikiti ake yanka a hau. Na manta a nan sallama ake yi, ni da na tashi a gidan da ko magini zai hau soro sai an aika maƙwabta.

Mai gadin masaƙar, wani dattijo mutumin Filato, ya raka mu. Gidajen farko suka ce ba komai, mata za su shiga ɗaki. A na ƙarshe wata tsohuwa ta fito zaure, ta ce surukarta ta haihu, wankan jego ake mata a tsakar gida, ruwa ma yana kan wuta. Ba za ta ɗaga ba, da safe ma haka za a yi.

Na shiga yi mata bayani, cewa na'urar ɗaukar hoton nesa take kallo, ba ƙasa ba. Ta saurare ni har na gama.

"To Alhaji, na ji ta na'ura. Ku fa, idonku a aljihu za ku saka?"

Mai gadi ya juya yana tari, amma na san dariya ce.

Ginin na su abokina ne har washegari, da ya hau ba mai hana shi. Amma ya ce mata za mu hau, amma ba za mu kusanci gabas ba, baya za mu ba ta har mu sauko. Ta ce ta yarda da maganar ɗan gidan.

Haka aka yi. Na ɗauki rufin kwano mai tsatsa jere-jere, da dogayen bututun hayaƙi da yawancinsu sun yi shiru, da tireloli sun nufi Challawa, da ma'aikata suna fitowa a kan kekuna za su Panshekara. Can arewa ga Gwauron Dutse. Da na juyo gabas, na sauke na'urar. Hayaƙin itacen ruwan wankan kawai muka ji a hanci.

Da aka wanke hoton muka kai wa tsohon, ya bi shi da yatsa a hankali, yana faɗin sunan kowace masana'anta da wanda ya kafa ta. Da ya kai inda ya yanke, ya tsaya. Ya ce a nan rana take fito masa, ina sauran? Abokina ya faɗa masa dalili, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Tsohon ya ɗago kai daga hoton. Ya ce, "Me aka samu, mace ko namiji?"

Ba wanda ya sani a cikinmu. Ya ce mu manya da mu, mun shiga gidan haihuwa mun fito ba barka. A ranar ya sa aka kai musu turmin atamfa da sabulu.

Na ɗauki hotunan da suka fi wannan kyau a ƙasashen mutane, amma shi na rataya a ɗakina. Waɗanda suka sayi wurin sun rushe ginin ofis ɗin, sun yi ɗakunan ajiyar kaya. Yanzu babu inda mutum zai tsaya ya ga Sharaɗa daga wannan tsayin, gabashin hoton kuma haka zai zauna babu.