Gyaɗar Mama a Motar Baba

Abubuwa da yawa sun faru da ni a rayuwa na manta da su sarai, amma tafiyar da na kai babanmu Kwandere a tsohuwar motarsa, wannan kam tana nan a raina har ranar da zan koma ga Mahaliccina. Yanzu ma da nake wannan rubutu ji nake kamar ina shaƙar warin fetur da na tsohuwar fatar kujera.

Babanmu ɗan kasuwa ne. Doya da riɗi yake saye a ƙauyukan da ke kewaye da Lafia yana aikawa Arewa. Motar ta girme ni. Irin ta da ɗin nan ce, doguwa, fara, mai kafireta, giyarta a jikin sitiyari. A cikinta aka kai Mama asibiti za ta haife ni, a cikinta kuma ya koya mini tuƙi, duk da ƙorafin 'yan'uwansa cewa me mace za ta yi da sitiyari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Da ciwon ido ya ci ƙarfinsa har ya daina gani, aka tura motar gindin mangwaron gidanmu na Akurba, gefe ɗaya manne da katanga, ɗaya gefen yana kallon ƙofar kicin, aka lulluɓe ta da tamfol. Ta daɗe a nan har muka daina ganinta. Shi ma Baba ya zama shiru-shiru, daga tabarma sai masallaci.

Yana da wani amini a Kwandere, manomin doya, Kirista, mu dai Baban Kwandere muke ce masa. Tun suna samari suke da wata al'ada tsakaninsu: idan sabuwar doya ta yi, ba ya sayar da ko ƙwaya ɗaya sai Baba ya je sun gasa ta farko sun ci da manja a bakin gona. Tun da idon Baba ya mutu al'adar ta tsaya, sai dai a aiko mana da doyar a kan mashin. A shekarar da muka yi wannan tafiyar ɗan Baban Kwandere ne ya kawo, ya durƙusa gaban Baba ya ce tsohon ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, abinci ma sai an matsa masa, kuma kullum maganarsa ɗaya ce, yaushe Alhaji zai zo.

Yayanmu yana nan a zaune, ya ce ai ba wata matsala, gobe da safe zai kai shi a motarsa, ga sanyi ga laushi. Baba ya girgiza kai.

"Tun ina da baƙin gashi da motata nake zuwar masa. Ba zan je masa a motar aro kamar ɗan biki ba. Uwata, a tada motar nan."

Duk wanda ya san babanmu ya san idan ya yi magana da wannan muryar an gama. Ni kuwa aka ɗora wa aikin, tunda ni kaɗai ce a gidan na iya giyar sitiyari.

Na je na ɗauko tsohon makaniken da yake duba motar tun tana sabuwa. Shi da Baba ba sa minti biyar ba su yi musu ba, amma ba wanda Baba ya yarda ya taɓa masa inji sai shi. Ya zo da batir, ya zubar da tsohon man da ya yi tsami a tanki, ya kwance kafireta ya wanke, ya canza fulogai. Da ya murza makulli ta yi tari, ta yi tari, ta tashi. Na yi murna har na tafa. Sai dai murnar ba ta je ko'ina ba, domin da zarar an ɗaga ƙafa daga totur sai ta kama rawar jiki kamar mai zazzaɓi, madubi na kaɗawa, salansa na buga ƙasa, can sai ta mutu. Abin da makanikai ke kira silo ke nan, wato yadda inji ke tafiya da kansa idan mota na tsaye, kuma nata silon ya lalace.

Da na fita da ita titi sai ga wata sabuwa. Ina sassauta hannu sai ta nufi dama, kamar akwai wanda ke kiranta a cikin kwata. Na kai ta wurin masu alaimen, wato masu saita ƙafafun mota, suka hau da ita kan na'urarsu, suka saita, suka ce ta yi daidai. Na fito, ta ja dama. Na koma, suka sake, suka ce ƙila hannuna ne. Wannan magana ta ɓata mini rai, don ni dai na san hannuna lafiyarsa ƙalau.

Kwanaki suna ta tafiya a haka, kuma tsoro ya fara kama ni. Ɗan Baban Kwandere ya sake bugo waya ya ce jikin ya ƙara sauka. Na sami Baba na ce masa ga shawara: a ɗaga silon sama yadda ba za ta mutu ba, ni kuma in riƙe sitiyari da ƙarfi, Kwandere ai ba nisa.

"A ɗaga silo ta riƙa gudu ba a taka ta ba?" ya ce. "Wannan rufe ciwo ne, ba magani ba. Ina son ta iya tafiya a hankali, kuma ta tafi miƙe."

"Baba, mutumin nan fa ba shi da lafiya. Idan muka tsaya gyaran mota wani abu ya faru fa?"

Ya ce, "Na sani, Uwata. Ki kira mini makaniken gobe da sassafe. Ni zan duba ta."

Na fita ina hawaye don haushi. A raina na ce tsufa ne da taurin kai, makaho zai duba mota. Allah ya sa ban faɗa a fili ba.

Washegari aka kafa masa kujera a gefen injin. Ya ɗora tafin hannunsa a kan mota, ya ce in tayar, in riƙe ta da ɗan totur kaɗan. Ya sa makaniken ya riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Kowacce aka cire sai injin ya ƙara faɗuwa, aka mayar ya dawo.

"To wuta tana zuwa ko'ina," in ji Baba. "Ba fulogi ba ne."

"Na faɗa maka tun jiya, Alhaji," in ji makaniken. Hausarsa irin ta garinmu ce, mace da namiji duk ɗaya. "Motar nan ya tsufa ne kawai, kamar ni da kai. Kafireta ɗin sef ya gaji."

"Kai ne ka gaji. Ku yi mini shiru."

Mama tana daka a bakin kicin, ya sa ta tsaya. Aka kashe rediyo. Ya sunkuyar da kai yana juya kunne a hankali, gidan ya yi tsit sai karkarwar injin. Can ya ɗaga yatsa.

"Tana shan iska. Ga shi nan tana huci ta bayan kafireta, can ƙasa. Bi tiyon da ya tafi wajen birki."

Makaniken ya zura hannu yana lalube, yana gunaguni. Sai na ga ya tsaya. Ya matse wani wuri da yatsu, nan take motar ta daina rawa, muryarta ta kwanta lumui, irin muryar da na sani tun ina ƙarama idan Baba ya dawo daga ƙauye. Ya saki, ta koma karkarwa. Ya ciro tiyon, sai ga ƙasansa a ɓule, an gaigaye shi. Ya sake zura hannu ya ɗebo wani abu cike da tafinsa ya kawo wa Baba ya taɓa.

"Alhaji, ɓera ya yi gida a nan fa. Amma abeg, wane ne yake ba shi gyaɗa? Ɓawo ya cika ko'ina."

Ban taɓa ganin Mama ta shige kicin da sauri irin na ranar ba.

"Uwargida," Baba ya kira ta, murya a kwance. "Zo mana."

Ta fito tana goge hannu da zani, ta tsaya daga nesa. Ashe tun damina ta farko da rufin sito ya fara yoyo ta mai da motar rumbu. Buhunan gyaɗarta na ƙuli-ƙuli, da shinkafa mai ɓawo da take saye da kaka ta ajiye, duk a ciki suke zama a ƙarƙashin tamfol. Ranar da Baba ya ce a tada mota, kafin in dawo da makanike ta sa matan maƙwabta sun taya ta kwashewa, ta share, har turare ta kunna a ciki. Ni ma na yi mamakin ƙamshin.

"To Alhaji me zan yi?" ta ce. "Abu yana zaune ba aikin fari ba na baƙi, ga ƙofa ga makulli, ruwa ba ya shiga. Da in bar gyaɗata ta ruɓe?"

"A wane gefe kike jibga su?"

"Gefen da ƙofa ke buɗuwa mana. Ɗayan ai katanga ta tare."

Baba ya miƙe ya ce in kama hannunsa. Muka zaga bayan motar. Ya sa sandarsa tsakanin tayar baya ta hagu da jikin mota, ya riƙe wurin da babban yatsa. Muka koma dama ya sake aunawa. Sandar ba ta shiga yadda ta shiga a can ba, gefen dama ya zauna ƙasa sosai. Nauyin buhunan ya kwantar da sifirin wannan gefen, motar ta karkace, masu alaimen kuwa ƙafafun gaba kawai suke ta saitawa.

"Ga alaimen ɗinki nan, Uwata," ya ce. "Gyaɗar uwarki ce ke jan ki dama."

Sai ya fashe da dariya, har ya dafa but ɗin motar yana share hawaye. Tun da ya daina gani ban ji wannan dariyar ba. Makaniken ya kama, ni ma na kama, Mama tana cewa a yi ta dariya, ƙuli-ƙulin dai kowa ya ci.

A ranar makaniken ya samo sifirin na hannu a wurin masu kayan tsofaffin motoci, ya canza duka biyun na baya, ya sa sabon tiyo. Bai yarda a koma wurin na'ura ba. Zare ya ɗaure daga tayar baya zuwa ta gaba, yana hange da ido ɗaya, yana juya tayarod, ƙarfen da ke saita ƙafafun gaba, kaɗan-kaɗan, Baba na zaune yana yi masa gyaran da bai tambaya ba. Da na gwada ta a titi na saki sitiyari, ta tafi miƙe abinta.

Washegari da hantsi muka kama hanya. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a gaba, gwiwar hannu a kan taga. Hanya ta canza, an yi gine-gine inda da gonaki ne, amma shi ta da yake gani. Yana ce mini nan akwai rafi, nan akwai mai sayar da rake, nan muka taɓa kafewa da lodin riɗi. Ban gaya masa babu su ba.

Mun sami Baban Kwandere a kwance a ɗaki, ya rame har na kusa kasa gane shi. Baba ya laluba ya kama hannunsa. Aka kawo gasasshiyar doya da manja, matarsa tana cewa ba zai ci ba, sai ga shi ya karɓi loma daga hannun Baba. Da suka gama Baba ya juya wajen 'ya'yan amininsa.

"Ku ɗauko shi ku sa mini a mota. Yaushe rabonsa da gona?"

Tun kafin shuka, suka ce. Aka ɗauko shi aka zaunar a gaba kusa da ni, aka tokare shi da filo, Baba ya koma baya ya dafa kafaɗarsa. Hanyar gonar siririya ce, faɗin mota kawai, kunyoyin doya dama da hagu. Baba ya ce in sa giya ɗaya, in ɗaga ƙafata daga totur gaba ɗaya, in bar ta ta tafi da kanta, kada a girgiza mara lafiya. A nan ne na gane abin da ya sa ya ƙi a ɗaga silo, ya ƙi motar da ke jan gefe, bai kuma faɗa wa kowa ba. Motar ta riƙa tafiya a hankali kamar mai takawa da ƙafa, ba ta mutu ba, ba ta taɓa kunya ko ɗaya ba.

"Gaya mini abin da kake gani," in ji Baba.

"Alhaji, doya ya yi kyau bana," tsohon ya ce. "Ganye ya rufe sanda duka. Wancan gefen yaran nan ba su yi ciyawa da kyau ba, zan yi musu faɗa."

"Yi musu. Ƙasan rafin fa?"

"Nan ne ya fi. Ka ga wannan kunya, ya tsage. Babba ne a ciki."

"Na gani," in ji Baba.

Haka muka zaga gonar, mara ƙafa yana ba da ido, mara ido ya kawo ƙafa, ni kuma hawaye ya hana ni ganin hanya sosai. Baban Kwandere bai kai ƙarshen kakar ba. Baba ma bai daɗe ba ya bi shi.

Na yi kewarsu, ina kuma yin ta har gobe. Abin da wannan tafiya ta koya mini shi ne, idan tsoho ya kafe a kan wani ƙaramin abu, kafin in ce taurin kai ne in tsaya in tambayi kaina me yake shirin yi da shi. Ni a lissafina kai Baba garin Kwandere ne aikin, shi ya sa nake sauri. Shi kuwa so yake ya kai amininsa gona, kuma wannan tafiyar ba a yin ta sai a hankali.