Kwanciyar da ta kusa raba ni da goyon Hadiza

Salama alaikum. Na ga saƙonninku, kuna cigiyata. Ina nan lafiya, jinyar 'yata Hadiza ce ta ɓoye ni. An yi mata aiki, kuma ta samu sauƙi, alhamdu lillahi.

Zaman jinyar nan ya tuna mini da abin da ban taɓa ba ku labari ba.

Tun muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ina goyon Hadizan nan, ciwon ciki ya murɗe ni a gidanmu na unguwar Badariya. Aka kai ni asibiti, aka ce sai an yanka. Na ji tsoro ƙwarai, amma aiki ya yi kyau.

Matsalar daga gida ta faro.

Inna, mahaifiyata, ta taso daga Argungu ta tare a wurina. A gidanmu, wanda aka yi wa aiki ko buta ba ya ɗauka. Ina yunƙurawa za ta ce, "Kwanta, ɗiyata! Mi kika nema? Mu munka ga wahalad da kinka sha."

Hadiza kuma aka kai ta Argungu wurin yayata, wai sai na yi ƙarfi.

Ɗinki ya warke, ƙarfin bai zo ba. Ni da nake cashe shinkafa ina hira, na koma zuwa bayi ma sai na huta a hanya. In kwana ina barci, in tashi kamar wadda ta yini a fadama. Kullum Inna ƙara mini kwanciya take yi, kullum ina ƙara laushi.

Aka auna jini, aka auna fitsari, har maigida ya sayar da albasar da ya adana. Ba a ga komai ba. Rannan aka aiko cewa Hadiza ta fara kiran yayata Inna. Wallahi na yi kuka.

Da muka koma asibiti likita ya tambaye ni aikin da nake yi a gida. Inna ta karɓe da alfahari: "Ko tsinke ba mu barin ta ɗauka!"

Ya yi murmushi. "Inna, ai shi ne ciwon. Jikin da ba ya motsi, ƙarfinsa zubewa yake yi. Ku bar ta ta taka."

Na fara da zagaya tsakar gida, ina haki, Inna na bina da salati. Sai shara. Sai zuwa maƙwabta. Abin mamaki, ranar da na motsa, ranar nake jin daɗin abinci, barci ya yi daɗi, in tashi garau.

Ranar da na sauka a tashar Argungu, da ƙafa na ƙarasa gidan yayata. Hadiza ta noƙe, ta ƙi ni. Na sunkuya na saɓa ta a baya, na ɗaure zani. Sai na ji ta kwantar da kai.

Na gode wa Allah, na gode wa Inna, Allah Ya ji ƙanta, ƙauna ce ta sa ta hana ni motsi.

Shawarata: in kuna da majinyaci, ku tambayi likita yaushe zai fara takawa, in ya ba da izini kada tausayi ya hana ku.

Jiya Hadiza ta ce in miƙo mata ruwa. Na ce, "Tashi ki ɗebo." Ta harare ni, ta tashi.