Ƙurajen Aski a Gaban Surukina

Ina tsaye a wani kemis a Ɗambatta ina ta mutsu-mutsu, ƙaiƙayi ya hana ni sakat. Tsadar nan ce ta sa na maimaita tsohuwar reza wajen askin mara, ƙuraje suka feso min.

Zan buɗe baki ke nan sai ga surukina ya shigo. Na daburce na ce, "Maganin ƙurajen aski nake so."

Mai kemis ya ƙura wa cikakken gemuna ido. "Malam, ina ka aske?"

Surukina ko kallona bai yi ba, ya ce masa, "Ƙyale shi. Ya shafa man kaɗanya, ya canja reza."

Jama'a, gobe in na je gaishe shi, godiya zan yi ko in nuna ban ji ba?