Kafin Harif

Abubuwa da yawa na zamana a Gadarif sun dushe a raina, amma kalmar nan guda da ta kusa sa a kore ni daga ƙasar, ba na jin zan manta da ita.

Na je ne bayan na gama karatun aikin gona, na sami aiki a wata babbar gonar dawa da riɗi ta wajen Basunda, inda tarakta ke yin noma. Baƙo irina da ikama yake zaune, wato takardar izinin zama, kuma a cikin gari ake sabunta ta. Idan ta mutu a hannunka, aikin ma ya mutu. Tawa saura wata biyu, in ban yi kuskure ba.

Wakilin gonar wani dattijo ne, jikan alhazan da suka yada zango a can ba su koma ba. Hausarsa rabi Larabci ce. Wata rana muna fatur, abincin hantsi, ya ce, “Ustaz, ka je ka gyara ikamarka kafin harif.”

Na ce to. Ban tambaya ba, wataƙila don kada a ce mai digiri bai san kalma ba. Na shiga ɗaki na buɗe ƙamus na Larabci, na ga harif shi ne kaka, lokacin girbi. Sai na ce a raina tsohon bai san lissafi ba, ai kafin kaka takardar ta daɗe da mutuwa. Na tsara wa kaina tafiya ana saura kwana goma, har ina ganin na fi shi taka-tsantsan.

Ana saura kwana goma sha biyu ruwa ya sauka. Na san damina za ta zo, ba wannan ce matsalar ba. Abin da ban sani ba shi ne ƙasar. A garinmu jigawa ce, a yi ruwa da safe mota ta wuce da azahar. A can baƙar laka ce mai kama ƙafa kamar danƙo. Motar da ke kawo mana kaya ta daina zuwa.

Na sami wakili na gaya masa. Ya dube ni ya ce, “Ya zol,” wato kai bawan Allah, “ban ce maka kafin harif ba?”

Na ce, “Baba, ai kaka da sauran nisa.”

“Wace kaka? Tawa kakar tana maƙabarta. Ga harif nan yana zuba a kanka!”

Ma'aikata suka yi ta dariya. Na ce ashe damina yake nufi. Ya ce rabonsa da jin kalmar damina tun a bakin waccan kakar tasa.

Mako guda muna jiran ƙasa ta sha iska, ba ta sha ba. Daga ƙarshe wakili ya cire tarakta ɗaya daga shuka, a lokacin da kowace rana ke da tsada, ya ɗora ni. Sau uku muna kafewa. A na ukun muka bar ta da direba, muka taka da ƙafa, ni da wakili, fasfo ɗina naɗe a leda cikin hula. Ranar ƙarshe na shiga ofishin sabunta ikama, laka har gwiwa. Ma'aikacin ya dubi ƙafafuna, ya buga hatimi.

A hanyar komawa na fara ba wakili haƙuri, ina ta kawo dalilai. Ya katse ni. “Kullum tare muke cin kisra, Hausa muke yi. Me ya hana ka ce, Baba, mene ne harif?”

Ƙamus bai yi ƙarya ba. Ba shi ne ya yi mini maganar ba kawai. Tun daga nan, duk ƙasar da na je, idan mutum ya gaya mini kalma, shi nake tambaya abin da yake nufi, ko da za a yi mini dariya. Dariya ta fi laka saurin wankuwa.