Ranar Kasuwar da Muka Zaɓa

Shekaru sun tura, na manta sunayen rabin waɗanda muka zauna aji ɗaya da su, amma yajin da muka yi ranar kasuwar Dungas ba zai taɓa fita daga raina ba.

Muna ajin ƙarshe na kwaleji a lokacin, shekarar jarrabawar BEPC. Wata uku da komawa lakwal, wato makaranta, ba mu da malamin lissafi, mushen lissafi kamar yadda muke cewa. In lokacin darasinsa ya yi, sai mu zauna muna hira ana cin gyaɗa. Ni dai, in faɗi gaskiya, abin bai dame ni ba, don ni da lissafi ba ma ga maciji. Surutu ne nawa, shi ya sa ma aka sa ni cikin shugabannin ɗalibai.

Wanda abin ya dama shi ne abokina, wanda muke zaune benci ɗaya. Dogo ne, shiru-shiru, daga wani ƙauye na wajen Guci. Gidansu noma suke yi da kiwon shanu, shi kuma aka ajiye shi a gidan wani aminin mahaifinsa a gari. Yana son lissafi kamar yadda muke son fura da rana. Shi yake hawa allo ya koya mana abin da ya tsinta a tsohon kaye, wato littafin rubutu, na wani yayansa na unguwa. Ya taɓa gaya mini cewa da ƙyar aka bar shi ya zo kwaleji, don babu mai bin shanu sai ƙannensa ƙanana, kuma mahaifinsa ya ce duk ranar da ya ji yana yawon titi maimakon karatu, to, ya gama. Na ji maganar, na yi dariya, na manta.

Da muka yanke shawarar yin yaji, ni na kawo dabarar a yi shi ranar kasuwa. Na ce ranar ce gari yake cika, kowa zai gan mu, har farfe, shugaban gundumarmu, ba zai ce bai ji ba. Aka tafa mini, kaina ya kumbura. Ko ɗaya daga cikinmu, mu ƴan gari, bai tuna cewa ranar kasuwa ce iyayen ƴan ƙauye suke shigowa da hatsin ƴaƴansu ba.

Abokina ya ce shi zai zauna a gida. Na hana shi sakat. Na ce don wa muke yi in ba don shi ba? Ga rubutunsa ya fi na kowa kyau, ga shi ya fi kowa tsawo, shi ya dace ya rubuta buƙatarmu a kwali, ya riƙe shi a gaba. A ƙarshe ya karɓi allin.

Har yau ina jin daɗin tuna safiyar nan. Na buga ƙarfen ƙafar motar da aka rataye a darbejiya, wanda shi ne ƙararrawarmu, ba a kan lokaci ba. Azuzuwa suka fashe. Muka fito muna waƙa, ƴan mata na guɗa, ƴan kabu-kabu na danna mana oda, wata mai ƙosai ta miƙo mana na cikin mai tana cewa Allah ya ba mu sa'a. Ji nake duk duniya tamu ce.

Muna karya kwanar bakin kasuwa muka yi kiciɓis da amalanken shanu. Wani dattijo mai malfa yana zaune a kan buhun hatsi, da ƙwaryar man shanu a cinyarsa. Sai na ga kwalin da ke gabana ya sauko a hankali. Dattijon bai yi faɗa ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya dubi ɗansa, ya ce, "Nan ne ajin naku?"

Na yi caraf na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, malami muke nema, wata uku ba mu da shi."

Ya ce, "To, tunda babu malami, ni ina da aikin da zan ba shi."

Bai sauke buhun ba. Da la'asar abokina ya ɗauko akwatinsa ya hau bayan amalanken. Mai masaukinsa ya yi roƙo, darektanmu ma daga baya ya aika har ƙauyen, dattijon ya ce ya riga ya yi magana. Bayan sati uku aka turo mana mushen lissafi, muka yi ta murna muna cewa yajinmu ne ya kawo shi. Na zauna a darasinsa ni kaɗai a benci, ba na gane komai.

Yanzu ni ma koyarwa nake yi. Bara na je kasuwar Guci, ina ratsa wajen shanu na ji an kira ni da sunan tsokanar da aka daina kira na da shi tuntuni. Shi ne, ya ƙara tsawo, ga gemu. Muka rungume juna, ya ja ni rumfa ya saya mini fura. Muka tuna mai ƙosai da ƙarfen darbejiya, muka yi dariya har da hawaye. Ina ta neman ta inda zan fara ba shi haƙuri, sai ya riga ni magana.

"Mushen nan da ya zo, ya iya lissafi kuwa?"

Na ce ya iya ƙwarai. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. Ai na so in gan shi ko sau ɗaya."

Kunya ta hana ni ƙarasa furar. Da zan tafi ya gaya mini ƴarsa ta fari tana lakwal, kuma ko ƴan ajinsu sun yi yaji shekara guda ba zai cire ta ba.

Ban yi nadamar neman malami ba, haƙƙinmu ne. Abin da na koya shi ne, mu da muka fito titi a ranar ba abu ɗaya muka saka a ciki ba. Ni na koma benci washegari, shi bai koma ba. Shi ya sa duk lokacin da ɗalibaina suka fara ƙus-ƙus ɗin yaji, nakan ce musu kafin su miƙa wa wani kwali, su tambaye shi abin da zai rasa in aka gan shi da shi.